Gwaggo Ta Je Bikon Takardata

Sallama gare ku, masu bibiyata. Ku gyara zama, yau abin dariya na kawo muku, amma ni da ya faru a kaina sai da na yi kuka kafin in yi dariyar.

Sunana Nuriyya, ɗiyar Malam Burahima tsohon direktan lekol, wato shugaban makarantar boko, nan Gure. Maza biyu ne suka hana ni sakat a bana. Na farko Abatcha, mai butik ɗin panno da pampon rijiya masu aiki da hasken rana a bakin kasuwa. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, in zai zo zance tun daga kwanar layinmu yake danna kilakson, wato ham ɗin tsohuwar motarsa katkat mai shiga rairayi, kamar gidanmu ya kama da wuta. Shi nake so, ba na jin nauyin faɗa. Na biyun kuwa ban san sunansa ba, ban san fuskarsa ba, ban ma tabbata namiji ne ba. Amma da maganarsa nake kwana, da ita nake tashi.

Kada ku yi saurin zagina, bari in ɗauko muku daga tushe.

Karatun dokta nake yi a Damagaram. Aikina a kan kwarurrukanmu ne na wajen Gidigir da Bune, inda dabino da goruba ke tsaye a tsakiyar tuddan rairayi. Na yi rani guda ina zura igiya a rijiyoyi ina awon ruwa, na rubuta cewa inda aka kafa shingen kaba a kan tudu, ruwan kwari ba ya gudu. A dokar karatunmu ba a ba mutum sutanas, wato ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa, sai ya fitar da maƙala a mujallar kimiyya. To da magabatan Abatcha suka zo neman a sa rana, Baba ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Na ba shi. Amma rana sai takardarta ta hito." Baba in ya faɗi magana ba ya komawa ya ɗauke ta. Kowa ya sa rai a kan bayan Sallar Layya, Gwaggo Yabawa, ƙanwar Baba da ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, har ta fara jiƙa icen turare.

Ranar da amsar mujallar ta zo, da hantsi ne, zafin bazara ya fara dukan bango. Ina zaune a rumfa da ɗaurin ƙirji da ƙaramin hijabi, Gwaggo na gefe tana soya turaren wuta a kasko, gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Portabul ɗina ya yi ƙara. Ina ganin sunan editar, Farfesa Ummul Kulsum, gabana ya yanke ya faɗi.

Masana biyu mujalla ta ba su duba maƙalar. Mai dubawa na ɗaya, Allah ya yi masa albarka, layi kaɗan ya rubuta: aiki mai kyau, a gyara taswira, a buga. Mai dubawa na biyu kuwa, jama'a, na yi ta jan allon waya da yatsa har ya gaji ban kai ƙarshe ba. Bai bar min ko waƙafi ba. Babbar maganarsa ita ce: awonki duk na rani ne, ta yaya kika san shingen ne ya riƙe ruwa ba damina ce ta yi kyau a wurin ba? A koma a auna damina guda cur, sannan a dawo.

Damina guda cur. Ko girgije bai fara haɗuwa ba a lokacin.

"Ke lahiya?" in ji Gwaggo. "Wa ya mutu?"

"An maido takardata, Gwaggo."

Ta sauke kaskon. "An ƙi ta?"

"Ba a ƙi ta ba. An ce in gyara in maida."

"Wa ya ce?"

"Mai dubawa na biyu."

"Ɗan wane gida ne?"

"Ba a sani ba. Ba a faɗin sunansu."

"To shi ya san ki?"

"Bai san ni ba. Ana cire sunana kafin a ba shi."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Mutum bai san ki ba, bai san ubanki ba, ya ɓuya bayan labule yana tona miki asiri? Nawa ake ba shi?"

"Ba a biyansa ko sisi."

"La'ilaha illallahu! Kyauta yake yi? Wannan muguntar a jininsa take."

Baba na zaune ƙarƙashin bishiyar bedi da rediyonsa, na ɗauka ba ya jin mu. Sai ya rage murya ya ce, "Nuriyya, su biyun sun san juna?" Na ce a'a, kowa nasa yake rubutawa, edita ce kaɗai ta san su. Ya ce, "Hmm," ya maida muryar rediyo. Gwaggo kuwa ba ta gama ba. Tana juya turare tana cewa, "An maido ta gida, ba a ce an sake ta ba. Ai irin wannan manya ke shiga su maida ta ɗakinta." Na yi dariya da hawaye a idona, na ɗauka zancen tsofaffi ne.

Da la'asar sakaliya kilakson ya tashi daga kwana. Na sa lafayata ruwan toka mai ɗigon fari, na ɗauki ordinater, wato kwamfutata, na fita zaure, don ko gaisuwa ba na son ta raba ni da amsar da nake rubutawa.

Abatcha ya dube ni ya dubi ordinater. "Dokta, yau ma da kishiyata kika hito?"

"Ka bari, raina a ɓace yake."

Na karanta masa komai, tun daga sunan Farfesa har ƙarshen Na Biyu, ina juya masa faransancin zuwa Hausa. Na gaya masa dokar: ba a neman mai dubawa, ba a kiran edita a roƙe ta, amsa kawai ake rubutawa, magana ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙo allon. "To mi kika rubuta nan, da yake ta maimaituwa?"

Na ce, "Muna godiya ga mai dubawa na biyu bisa wannan gyara mai amfani."

Ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi. "Mutum ya kwance miki zane a kasuwa, ki ce kin gode?"

"Haka ake yi."

"Ni tun da nake kawo miki cuku da kilishi ba ki taɓa ce min mai amfani ba."

Ya sa ni murmushi, ba na musu. Amma da na ce masa bikin zai iya kaiwa bayan kaka, na ga wushiryar ta ɓace. Ya yi ta kaɗa makullin mota a yatsa. Da zai tafi ya ce, "Wane suna kika ce, editar?" Na maimaita masa, ban kawo komai a raina ba.

Kwanakin da suka biyo baya mesaj ɗinsa suka yi ta shigowa.

"Barka da asuba. Na Ɗaya ne ke gaisuwa, in Na Biyu ya ba ki hutu."

"Kin ci abinci ko shi ma sai an auna damina?"

Ina karantawa ina tura masa hoton fuska mai harara. Ashe duk wannan barkwancin, mutumin nan yana can yana bin tasha da kasuwa da tambaya. Gure kuwa in ka ambaci sunan mutum, ko a Makka yake sai an samo wanda ya san kakarsa. Aka gano mahaifiyar Farfesa ƴar Kelle ce, kuma Kawu Salihu, ƙanin mahaifiyar Abatcha, ya taɓa sayen raƙumi a gidansu.

Ran nan Gwaggo ta tashi da ciwon ido. Ta ce za ta Damagaram ganin likita, za ta sauka gidan yayata Biba, Abatcha zai kai kaya can zai rage mata hanya. Na ga ta fito da lafayarta ta zuwa biki, shuɗiya mai zaren gwal, ta sa awarwaro har gwiwar hannu, ta cika ƙatuwar kwalba da turaren da ta ce na aurena ne. Na ce, "Gwaggo, likitan ido ne ko ɗaurin aure?" Ta ce, "Ido na ciwo sai a tahi kamar mahaukaciya?"

Washegari da azahar Biba ta turo hoto a gurup ɗinmu na gida, da rubutu a ƙasa: "Alhamdulillah an isar da saƙo, Nuri ki kwantar da hankalinki."

Na buɗe hoton. Falo ne mai kantar littattafai har rufi. Ga Gwaggo a kan kujera ta harɗe, baki har kunne, idon nan garau. Ga Kawu Salihu da rawani. Ga buhun dabino jingine da bango, ga cuku a faranti, ga kwalbar turarena a kan tebur. A tsakiya wata dattijuwa mai tabarau tana murmushin da na san na dole ne. A can gefe, rabin kafaɗar Abatcha, ya so ya kauce wa hoton bai samu ba.

Na kira Abatcha, bai ɗauka ba. Na kira Gwaggo, ta ɗauka da guɗa.

"An gama, ɗiyata! Mun ba ta haƙuri. Mun ce yarinya ce, in ta yi kuskure a rubutu a yahe mata, a maida takarda ɗakinta. Na ce kuma ta gaya wa wancan na ɓoye ya ji tsoron Allah. Mutuniyar kirki, har shinkafa ta dafa mana."

Na kashe wayar na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Abin da nake gani kawai shi ne sunana yana yawo a bakin malamai: ita ce wadda ta aika dabino.

Farfesa ba ta rubuto ba, kira ta yi, da safe. Na miƙe tsaye na amsa kamar tana ganina.

"Nuriyya ce? Ɗiyata, na daɗe a aikin nan. An turo min minista, an turo min malamin addu'a, amma ban taɓa ganin an zo bikon maƙala ba sai a kanki."

"Madam, wallahi tallahi ban sani ba."

"Na yarda. Gwaggonki da bakinta ta ce kada in gaya miki, wai kina da taurin kai irin na ubanki. Shi ya sa ban cire maƙalar gaba ɗaya ba, don abin da doka ta ce ke nan. Baƙo ya zo daga garin uwata, ba zan kore shi ba. Na ba su abinci, dabinon na aika masallaci. Amma hannuna ya fita daga dosiyen maƙalarki. Na sanar da komite, na miƙa shi ga wani abokin aikinmu a wata ƙasa, wanda bai san Kelle ba bai san cuku ba."

Na ce, "Na gode, Madam."

Ta ci gaba da cewa, "Akwai abin da ya fi ɓata min rai. Na riga na shirya in ba ki zaɓi. Ki cire babbar maganar shingen, ki bar awon rani kaɗai, mu buga shi gajere a fitowar da ke tafe kafin Salla. Da ya ishe ki sutanas. Yanzu in na yi haka, kowa zai ce dabino ya saya. Wannan ƙofar danginki sun rufe ta da hannunsu. Sai ki auna daminarki, ki maida, a sake dubawa. Ban yi miki alkawarin komai ba."

Na yi kuka, masu karatu, kuka mai majina. Da sun zauna a gida suna shan shayi, da yanzu ana ɗinka min anko. Amma tunda na ce ba zan ɓoye muku ba: can ƙasan kukan akwai wani abu mai kama da sauƙi. Tun ranar farko na san Na Biyu gaskiya ya faɗa. Haushinsa nake ji don ya ga abin da ni ban gani ba, kuma da an ba ni gajeriyar hanyar nan na san zan bi ta, in yi ta jin kunyar kaina.

Gwaggo da ta ji yadda aka yi, ba ta ko kwana a gida ba, ta ce akwai suna a Kelle ta wuce. Baba ya aika a kira Abatcha. Ya zo ba kilakson, ya cire takalmi tun daga waje ya durƙusa a zaure. Baba ya ce ni ma in zauna daga bakin ƙofa.

"Abatcha, tun kahin in ce na ba ka, na sa mutum biyu su yi min bincike a kanka, kamar yadda ake yi. Kowa bai san da ɗan'uwansa ba. Na ɗaya ya ce a ba ka ido ruhe. Na biyu ya ce yaron ba ya sha, ba ya ƙarya, yana jin ƙan uwarsa, amma bai iya jira ba, ko shayi ba ya bari ya huce. Na ce wannan ba aibi ba ne, na aje maganar. Yanzu na ga inda take ciwo."

Abatcha ya sunkuyar da kai. "Baba, taimako na yi niyya."

"Na sani. Ta gaya maka dokar ko ba ta gaya maka ba?"

"Ta gaya min."

"To ban ƙi ka ba. Na maido ka gyara. Ba zancen rana sai takarda ta hito, ko da za ta kai baɗi. Bakinka da ƙafarka su hita daga maganarta. In ka iya, ɗiyata taka ce. In ba ka iya ba, ka faɗa tun yanzu."

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. "Baba, wa ya faɗi haka a kaina?"

Baba ya juyo gare ni, fuskarsa ba alamar wasa. "Nuriyya, a wajenku ana faɗin suna?"

Na ce a hankali, "Ba a faɗa, Baba."

Abatcha ya tashi ya yi sallama ya fita, ko inda nake bai duba ba.

Daga nan shiru. Na tura masa, "Ka isa lafiya?" Ya karanta, bai amsa ba. Na yi vokal, saƙon murya, na goge, na sake yi na goge. Salla ta zo ta wuce, cinyar rago kawai aka aiko daga gidansu, ba saƙo. Labari ya iso min ta bakin mai kitso cewa mahaifiyarsa na cewa ƴan mata ba su ƙare a Gure ba, kuma ɗanta ba takarda zai aura ba. Haushinsa da nake ji ya narke ya bar tsoro. Duk motar da ta yi kwana a layinmu sai in kasa kunne. Ni da nake tsaki in ya danna kilakson, na koma ina roƙon Allah in ji shi.

Gabas ta fara haɗa gira. Dole in je kwari in yi awon farko kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba daminar ta wuce ni. Na gaya wa Baba zan bi motar kasuwar Gidigir, Gwaggo, da ta dawo tana ta sunne kai, za ta raka ni.

Da safe ina haɗa igiya da ma'auni a jaka, na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Ba kilakson. Na leƙa ta tagar zaure. Abatcha ne, da tsohuwar riga ta aiki, bayan katkat ɗin da jarkokin ruwa da tabarma da sabuwar igiya. Ya durƙusa gaban Baba a gindin bedi, ya cire hula, ya ce da murya kamar mai karanta wasiƙa:

"Baba, muna godiya ga mai dubawa na biyu bisa wannan gyara mai amfani."

Baba ya daure, ya daure, ya kasa. Rabon da in ji dariyarsa irin wannan har na manta. Ni kuwa na jingina da bango na rufe baki da gefen hijabi, hawaye na zuba.

Na koma ɗaki, da gangan na ƙi sauri. Na canja lafaya, na sake canjawa, na zauna na shafa kwalli. Gwaggo na ta leƙe ta labule.

"Ikon Allah," in ji ta. "Rana ta hito, yana zaune cikin mota, bai danna ba. Yaron da ko shayi ba ya bari ya huce."

Hannuna ya tsaya da kwallin. Ranar da Baba ya faɗi wannan magana a zaure, mu uku ne kaɗai. Gwaggo tana Kelle. Na juyo na ƙare mata kallo: matar da ke shiga kowane gida a Gure da sunan tallan turare, matar da ta ce mai tona asiri a bayan labule muguntar a jininsa take.

"Gwaggo, ke ce na biyun Baba?"

"Wane na biyu?"

"Ke kika ce bai iya jira ba, kuma ke kika ja shi Damagaram!"

"Ni tsohuwa ce, mi na sani a dokar mujalla? Shi da kika karanta wa takarda, da mai jira ne ai da ya ce a tambaye ki."

"To ke ce ko ba ke ba ce?"

Ta ja lafayarta ta rufe kai, ta ɗauki kwandon guzuri, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara awarwaro.

"Ke kika ce ba a faɗin suna. Tashi mu tahi, kada ki bar yaron mutane cikin rana."

Ta wuce gabana ta fita, ta buɗe gidan gaba ta zauna kusa da shi. Ina jin Abatcha yana ce mata, "Gwaggo, ke kaɗai ce tawa a gidan nan. Ki taya ni gano wanda ya kai ni gaban Baba."